Duane a Kujerar Edita

A duk unguwar bakin tafki ta birnin Duluth na Amurka babu wanda bai san Duane Kivela ba, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba. In motarka ta ƙi tashi da sanyin safiya, Duane ya taɓa tayar da wadda ta fi ta mutuwa. In ka kamo kifi, shi ya taɓa sakin wanda ya ninka naka saboda tausayi. Aikinsa na gaskiya dai shi ne nemo talla wa Muryar Bakin Tafki, wani shirin labarai na mako-mako da ake ɗorawa a intanet, mai son ji ya ji, mai son kallo ya kalla. Su uku ne a gidan: Terrence Boudreau mai gabatarwa, Duane, sai Marlys Odegard, babbar edita, wadda ta shekara ashirin da biyu tana tace hoto.

Marlys ce ke tsone wa Duane ido. Kullum yana cewa, "Wai me take yi a ɗakin nan? Yanka nan, liƙa can. Ni in aka ba ni kwamfutar nan, kafin kofi ya huce na gama."

Ranar Alhamis da safe sai ga Marlys ta shigo riƙe da kunci, fuska ta kumbura kamar ta ɓoye ƙwai a baki. Haƙori ne, kuma likita ya ce yau za a yi aiki, ba gobe ba. Ga shi ranar Asabar da rana za a haska shiri na ɗari a zauren masunta, an gayyaci unguwa, an sayi fulawar fanke. Shirin kuwa a kan tsohuwar Kasuwar Halloran ne, wadda ake ta raɗe-raɗin za a rufe. An gama ɗaukar hira, saura tacewa.

Terrence ya shafa gemu ya ce, "Sai dai mu ɗage."

Duane ya dire kofinsa. "Ɗagewa? Ina raye?"

"Duane, ka taɓa tace hoto kuwa?"

"Hoton bikin Wendell ɗan kawuna wa ya haɗa? Sai da amarya ta yi kuka."

"Na ji labari. An ce neman kanta ta yi ta yi a ciki ba ta gani ba."

"Hassada ce ta dangin amarya."

Terrence ya dubi Marlys, Marlys ta dubi rufin ɗaki. Shi Terrence gobe zai tafi can arewa cikin daji ɗaukar wani rahoto, inda waya ba ta shiga, ba zai dawo ba sai safiyar Asabar. Babu yadda za a yi. Marlys ta zauna, hannu ɗaya a kunci, ta cika takarda uku da rubutu, ta miƙa wa Duane. Da ƙyar ta iya buɗe baki ta ce, "Karanta wannan tukuna. Kar ka taɓa komai sai ka karanta."

"Je ki a cire miki haƙori, Marlys. Ki bar wa maza aiki."

Tana fita ya ninke takardun ya sa a ƙarƙashin ƙafar tebur, don teburin yana ɗan rawa.

Ya zauna a kujerarta, ya rage mata tsawo, ya sa abin ji a kunne, ya buɗe hotunan. Kyamara biyu ce ta ɗauki hirar, muryar kuma wata na'ura daban ta naɗa. Abin da ya fara gani shi ne, a farkon kowane hoto sai hannun Marlys ya shigo ya yi tafi sau ɗaya, tas, ya fita.

"Ka ji shirme," in ji Duane. "Ba a ce komai ba tana tafi."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge. Tafin nan kuwa da shi ake haɗa murya da hoto: inda hannu ya haɗu, nan ƙarar take, sai a jera su daidai. Da ya zo haɗawa ya rasa kan zaren, sai ya ja muryar ya ajiye inda ransa ya ba shi, ya ce ai kunne ba ma'auni ba ne.

Da rana ya tsallaka kasuwa wajen Lorna Pekkala mai kifi, wadda ta shekara talatin a rumfa ɗaya, ya sayi banda.

"Lorna, yi mini sauri, ina da aikin edita a gabana."

"Kai? Ina Marlys?"

"Tana hutu. Ranar Asabar za ki ga bambancin hannu da hannu."

"Ai tun yanzu gabana ya fara faɗuwa."

Babbar baƙuwar shirin ita ce Misis Gretchen Sorlie, shugabar kwamitin kasuwar. Ranar hirar tana fama da mura, kowace jimla sai ta haɗa da tari. A nan Duane ya samo babbar dabararsa. Zai cire duk tari, duk numfashi, duk "eh to", har shirin ya riƙa gudu kamar mota a kan ƙanƙara. Ya duƙufa yana yanka. Sai dai a layin murya kaɗai yake yankan, hoton yana nan yadda yake, shi kuwa idonsa na kan zanen muryar, bai ɗaga kai ya dubi bakin kowa ba.

Akwai inda Misis Sorlie ta ce, "Ba za mu rufe kasuwar bana ba." Tari ya zo mata daidai kan "ba" ta farko, numfashi kuma ya haɗu da ta ƙarshe. Almakashin Duane ya kwashe duka biyun. Ranar Juma'a da safe, da ya sake saurara, sai ya ji murya tsaf tana cewa, "Za mu rufe kasuwar bana."

Ya zabura har abin ji ya faɗi.

"Kai! Terrence ya zauna da matar nan awa guda bai ji wannan ba? Sai da gwani ya zo?"

Bai tsaya neman asalin muryar ba. Ya yanko wurin, daƙiƙa goma sha biyu, ya ɗora hoton ƙofar kasuwa da kwaɗo a jiki, ya rubuta da manyan baƙaƙe TA FAƊA DA BAKINTA, ya saki a intanet.

Kafin sha ɗaya kasuwa ta hargitse. Mai burodi ya bar burodi a wuta ya ƙone. Mai furanni ta zauna a kan bokiti tana kuka. Lorna ta fito tsakiyar kasuwa da wuƙar kifi a hannu, ba don komai ba sai don ta manta tana riƙe da ita, tana cewa gobe kowa ya zo zaure da kwali. Duane yana leƙe ta taga yana ƙirga masu kallo a waya. Dubu uku. Dubu bakwai.

Wayar ofis ta yi ƙara.

"Wa ke magana? Ina Terrence?"

"Yana daji. Duane Kivela ne, babban edita. Da wa nake magana?"

"Gretchen Sorlie ce! Wane marar kunya ne ya sa mini magana a baki?"

"Misis Sorlie, muryar wa ce a ciki?"

"Tawa ce, amma ban faɗi haka ba!"

"To in taki ce, wa ya faɗa? Ni?"

"Cewa na yi ba za mu rufe ba!"

"Haka duk manya ke cewa in abu ya fito. Ki zo gobe ki kalli kanki, akwai fanke."

"Zan zo. Ka tabbata kai ma ka zo."

Ta kife wayar. Duane ya jinjina kai ya ce wa kansa, aikin jarida sai mai zuciya.

Ya koma kan ado. An ɗauki hirar ne a gaban koren ƙyalle, wanda kwamfuta ke iya cirewa ta sa duk abin da aka ga dama a madadinsa. Duane ya ga dama ya sa tafki da jirgin ruwa yana wucewa. Ya danna. Ƙyalle ya tafi, tafki ya zo, amma jikin Misis Sorlie ma ya tafi, domin koren kwat ta sa ranar. Kanta kaɗai ya rage yana shawagi a kan ruwa. Wannan kam Duane ya gani. Sai ya shiga intanet ya samo hoton wata jar riga, ya liƙa a ƙarƙashin kan.

"Ta ma fi kyau a haka. Kore ba ya karɓar ta."

Saura Arvo. Arvo Niemi shi ke kula da injin ɗumama kasuwa, dattijo ne mai kunya, saura shekara biyu ya yi ritaya. Ya yarda ya faɗi yadda injin ya lalace da yadda rufi ke yoyo, bisa sharaɗin a ɓoye fuskarsa a sauya muryarsa, kar ya rasa aikinsa. Duane ya san da wannan, domin a gabansa aka yi alkawarin. Ya ɗora wani dunƙulen hazo a kan fuskar, ya murɗa muryar har ƙarshen maɓalli. Daga nan ya bi kowa yana rubuta masa suna a ƙasan hoto, don edita na ƙwarai ba ya barin mai kallo cikin duhu.

Da ya kai ƙarshe sai ya tarar murya ta ƙare, hoto kuma saura minti uku. Bai tambayi kansa dalili ba. Ya cike gurbin da kiɗan rawa na bikin Wendell. Marlys takan kalli shiri sau uku daga farko zuwa ƙarshe kafin ta sake shi. Duane ya ce wannan aikin marar tabbas ne, ya kashe fitila ya tafi gida tun rana ba ta faɗi ba.

Asabar da sha biyu zauren masunta ya cika har ƙofa. Ƙamshin fanke da kofi ya gauraye da warin rigunan sanyi masu laima. Rabin jama'a na ɗauke da kwalaye: KASUWARMU CE. Misis Sorlie na zaune a layin gaba, baki a tsuke, jaka a kan cinya. Arvo yana can baya kusa da ƙofa, ya ja hula har gira. Marlys ma ta zo, an ɗaure mata haɓa, auduga cike da baki, kwana biyu magani na sa ta barci, ba ta san wainar da ake toyawa ba.

Terrence ya shigo kai tsaye daga hanya, takalma duk taɓo. Ya tsaya turus.

"Duane, duk wannan jama'a fa? Kwalayen na mene ne?"

"Farin jini ne. Hau ka yi maraba, lokaci na tafiya."

"Ka bari in ɗan leƙa shirin mana."

"Za ka leƙa tare da kowa."

Aka rage fitilu, majigi ya haska. Sunan shirin ya shigo yana juyi da tartsatsi da ƙarar aradu, sannan DUANE KIVELA, BABBAN EDITA, wanda ya daɗe a allo fiye da sunan shirin. Duane ya miƙe ya ɗaga hannu. Mutum biyu suka tafa.

Terrence ya bayyana a gaban tafki yana gaisuwa. Bakinsa na ɗan makara, amma ana iya haƙuri. Sai kyamara ta koma kan baƙuwa.

Zaure ya yi tsit. Ga kan Misis Sorlie a kan wata jar riga mai faɗin kafaɗa irin ta 'yan dambe. Ta juya ta dubi Terrence, kan ya tafi hagu, rigar ta tsaya inda take. Tsakanin wuya da riga jirgin ruwa ya ratso a hankali ya wuce.

Wani daga baya ya ce, "Gretchen, kin manta jikinki a gida!"

Dariya ta ɓarke. Duane ya raɗa wa na kusa da shi, "Salo ne. A manyan birane haka ake yi yanzu."

Tun daga nan murya ta fara tsere wa hoto. Kowane tari da aka cire ya ƙara mata gudu. Ba a yi minti biyar ba sai ga Misis Sorlie ta buɗe baki, muryar Terrence mai kauri ta fito tana tambayar kanta ko rufi na yoyo. Terrence kuma ya shafa gemu ya yi 'yar siririyar dariya irin ta mata ya ce, "Haba, kar ka sa ni jin kunya."

"Terrence, ashe haka muryarka take in ka sake?" in ji mai burodi.

Terrence na ainihi ya riƙe kai da hannu biyu. "Duane, tsayar da shi."

"Bari mana, yanzu za a zo wurin."

Aka zo wurin. "Za mu rufe kasuwar bana," in ji allo, amma daga bakin Terrence.

Lorna ta miƙe da kwalinta. "To wai wa zai rufe? Ita ko shi?"

"Babu mai rufewa!" Terrence ya yi ihu. "Ba haka ta ce ba! Ina wurin!"

"Ga shi kai ka faɗa yanzu!"

"Ba ni ba ne! Bakina ne kawai!"

Ana cikin wannan sai hoto ya sauya. Ga wani mutum zaune a ɗakin inji, dunƙulen hazo a fuskarsa. Ya fara magana da murya irin ta ɓera da aka taka wa wutsiya. Mutumin kuwa ba ya iya magana sai yana jijjiga, sai ya karkata dama, hazon ya tsaya a tsakiya yana ɓoye wani famfo, fuska ta fito fes har da gashin baki. Ya koma cikin hazo. Ya sake fitowa ta hagu. Sannan rubutu ya taso a ƙasa, manya-manya, da ado:

ARVO NIEMI, WANDA YA ROƘI A SAKAYA SUNANSA.

Duk zaure ya waiwaya baya. Arvo ya ja hular har ta rufe hanci.

Nan dariya ta ɗauke. Kowa ya san shekarun Arvo, kowa ya san wadda ke sa hannu a takardar aikinsa tana zaune a layin gaba. Terrence ya daka tsalle kan kwamfuta, Duane ya riga shi, ya ce shi ya san maɓallin. Ya danna, hoton ya zabura ya faɗa ƙarshe. Kiɗan bikin Wendell ya cika zaure, kan Misis Sorlie na ta motsa baki a kan ruwa kamar ita ke rerawa.

Marlys ta tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta bi gefen bango, ta sunkuya, ta zare wayar wuta daga soket. Allo ya mutu. Ta juyo ta kafe Duane da ido. Ba ta iya magana, amma duk wanda ke wurin ya ce bai taɓa jin zagi irin na ranar ba.

Misis Sorlie ta hau dandamali ba tare da an kira ta ba, fuska ja wur.

"Ku saurare ni da kyau, ga kaina ga jikina a haɗe. Cewa na yi ba za mu rufe kasuwar bana ba. Ba! Da ba a gaba, da ba a baya!"

Lorna ba ta zauna ba. "Bana kaɗai? Baɗi fa?"

"Wannan sai kwamiti ya…"

Kwalaye suka tashi sama gaba ɗaya. Wayoyi kusan hamsin na ɗaukar ta. Ta dube su.

"Baɗi ma ba za a rufe ba."

"Arvo fa?"

"Arvo me? Ai tun kafin a rubuta sunan na san shi ne. Wa ke jijjiga haka a garin nan? Yana nan a aikinsa. In na kore shi wa zai iya da injin nan? Arvo, cire hular nan, ka kawo mini jerin abin da ya lalace ranar Litinin."

Zaure ya ɗauki tafi. Arvo ya ɗaga hular kaɗan, ya leƙo, ya mayar.

Duane ya gyara kwala ya matso kusa da Terrence. "Ka gani? Shekara biyu ana bin ta ta faɗi wannan maganar. Ni kwana biyu na yi."

Terrence ya juyo. Ya kama shi ta gwiwar hannu ya kai shi gaban Arvo, sannan gaban Misis Sorlie, sannan gaban mai burodin da burodinsa ya ƙone, ko'ina sai da ya ce a yi haƙuri da babbar murya. A wajen mai furanni sau biyu ya faɗa, ta ce na farkon bai fito daga zuci ba.

Marlys kuwa ko fanke ba ta tsaya kallo ba. Ta wuce ofis, ta mayar da kujerarta tsawonta, ta ɗauko asalin hotunan daga inda take ajiye kwafi, ta fara daga tafin farko. Ta bar wa Misis Sorlie korenta da rabin tarinta, domin mutum in ba ya numfashi ba a yarda da maganarsa. Ta sa hazo ya riƙa bin fuskar Arvo duk inda ta karkata, ko da yake yanzu garin duka ya sani, saboda alkawari ne aka yi masa. Lahadi da yamma shirin ya fita, da ban haƙuri a farkonsa, aka kuma sauke guntun Duane daga intanet.

Litinin da rana Duane ya je sayen banda. Lorna na naɗe kifi ba ta ɗago ba.

"Babban edita. An ce an sa wa ɗakin Marlys sabon kwaɗo mai lamba."

"Ni na ba da shawara," in ji Duane. "Tunda gari ya ga irin abin da ake iya yi a ɗakin nan, dole a tsare shi."

"Allah sarki. To sun ba ka lambar?"

Duane ya karɓi kifinsa, ya dubi hagu ya dubi dama, ya sassauta murya.

"Ni na ce kar su ba ni. Mutum irina, in aka sace shi aka matsa masa, ba a san abin da zai faɗa ba."